An yi min aikin zuciya ina yaro, yau injin ban ruwa ya zaunar da ni

Mai Tabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Na daɗe a nan ina karatu shiru, yau dai abin ya ishe ni. Ku yi haƙuri da tsawon zance.

Da ciwon zuciya anka haife ni. Inna ta ce ina ƙarami in na yi taku goma sai in tsuguna, leɓena ya yi baƙi kamar wanda ya sha ɗinya. Ina shekara shida Baba ya sayar da shanu biyu da gona guda, dangi sunka yi karo-karo, anka kai ni Indiya anka yi aiki. Tabon na nan tun daga ƙasan wuya har saman ciki. Yanzu shekarata 27. Tun da munka dawo Inna ba ta bari na ɗauki ko bokiti ba. Ƙwallo babu, kokawa babu, wanka a gulbi babu, kuma ku san ɗan Argungu ne ke faɗin haka. A makaranta in an fita wasa ni ne mai gadin takalma.

Bana ƙafa ta hana Baba shiga fadama, noman rani ya faɗo kanmu ni da Auta. Shekaranjiya munka sauke injin ban ruwa daga babur, munka kama shi mu biyu za mu kai bakin rijiya. Tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba. Kafin mu kai rabi na ji ƙirjina kamar ana daka a ciki, numfashi ya ƙi isata, na ce Auta aje. Na zauna bakin fangali ina haki. Auta ya fara dariya, da ya dubi fuskata dariyar ta tsaya. Shi ya kai labari gida. Yanzu Inna ta rantse ba ni ba fadama.

Tambayata: aikin ne ya fara lalacewa, ko zaman da na yi shekara ashirin ne ya kashe min jiki? In na dage zan ƙara ƙarfi, ko kaina zan kashe?

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam. Ɗana, tashi ka kama aiki. Kanu fa? Anka buɗe mai ƙirji a Amurka a 1996, ya dawo ya tahi Arsenal, ya zuba wa Chelsea ukku cikin minti goma sha biyar. Kai injin ruwa kawai ka ɗauka. Zama ne ya cinye ka, ba wani abu ba. Jiki awa mota yake, in ka aje ta sai batir ya mutu.

Maman Walida:
Haba Kawu. Kanu likitoci nawa ke bayansa? Shi wannan wa ke bayansa in ba Allah da mahaifiyarsa ba? Ni 'yata shekara uku ke nan da yi mata aiki. Wanda bai zauna ƙofar ɗakin tiyata awa shida yana jan carbi ba, kada ya zagi uwa don ta hana ɗanta ɗaukar kaya. Ƙanena, ka ji maganar Inna. Shinkafa ana saye a kasuwa.

Kawu Direba:
Hajiya ni ban zagi kowa ba. Amma namiji ɗan shekara 27, gobe in ya yi aure wa ka noma mai?

Ɗan Jega:
Kawu dai ko zancen makoki ake yi sai ya sako Arsenal.

Nas Mai Dare:
Kafin a raba gardama, Mai Tabo amsa min waɗannan. Wane irin ciwo aka ce maka, ka san sunansa? Yaushe rabon da likitan zuciya ya duba ka? Ranar da abin ya faru, ka ga jiri ko duhu a idonka? Bugun da ka ji, da sauri kawai yake, ko yana tsalle yana harɗewa? Ƙafarka tana kumbura da yamma? Kana shan wani magani?

Mai Tabo:
Anti Nas, na sa Inna ta buɗe adakarta. Takardun na can ƙasan zannuwan aurenta cikin leda, suna ƙamshin turaren wuta, gara ta ci gefe guda. Abin da ya rage na karanta, an rubuta tetraloji na Falo. Rabona da likitan zuciya tun ina aji ɗaya na sakandare. Asibitin da muke zuwa sunka ce na girme wa sashen yara, ba su kuma ce mu tafi wani wuri ba, mu ma munka ɗauka an gama. Jiri kaɗan na gani, ban faɗi ba. Bugun kuwa da sauri ne, amma sau biyu na ji kamar ya tsallake. Ba kumburi, ba magani.

Nas Mai Dare:
Shekara goma sha huɗu ke nan ko fiye ba wanda ya saurari zuciyarka. Wannan ya fi damuna a kan injin. Bari in taɓo Likita.

Mai Sassaƙe:
Akwai haɗin da muke yi na ganyen zogale da tafarnuwa da wasu saiwoyi, yana toshe hujin zuciya cikin kwana arba'in da yardar Allah. A yi min magana ta gefe.

Shugaban Zaure:
Malam Mai Sassaƙe, mun sha faɗa ba a talla a nan. Kuma hujinsa an riga an toshe shi tun yana shekara shida. Na bar rubutun ne don a ga amsar.

Likita:
Salamu alaikum. Na karanta tun daga sama. Ba zan iya duba mutum ta waya ba, amma zan iya bayyana yadda abin yake, musamman tunda Mai Tabo manomin rani ne, zai gane da sauri.

Tetraloji na Falo matsala huɗu ce a haɗe, amma biyu ne ke jan ragamar: huji tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, da ƙuncin hanyar da jini ke bi zuwa huhu. Shi ya sa jinin da bai ɗauko iska ba yake zagayawa jiki, leɓe ya yi baƙi, yaro ya riƙa tsugunawa don tsugunon na tura jini zuwa huhu. A wurin aiki sai a yi wa hujin faci, a faɗaɗa hanyar huhun. To wajen faɗaɗawar nan sau da yawa sai an tsaga bawul ɗin da ke bakin hanyar, wato marfin da ke hana jini komawa baya. Yaro ya warke, leɓe ya yi ja, kowa ya yi hamdala. Amma bawul ɗin ba ya rufewa ruf kamar na kowa.

Mai Tabo, ka san bawul ɗin da ke gindin tiyon da ake zurawa rijiya? In ya lalace, injin ya ja ruwa, wani ya koma ƙasa, sai ya sake jan wanda ya riga ya ja. Haka ɗakin dama na zuciyarka yake yi in bawul ɗin na yoyo: ya tura jini huhu, wani ya dawo masa. Shekara goma, ashirin, yana jurewa, yana ɗan buɗewa a hankali. Kana zaune ba ka jin komai. Ranar da ka nemi ya ninka aikinsa ne ake ganin gibin. Ban da wannan, tabon da wuƙa ta bari a tsokar zuciya kan rikita wayar da ke tsara bugu, shi ya sa maganar tsallakewar nan ba na wasa da ita.

Wannan ɗaya ke nan. Na biyu shi ne abin da Kawu ya faɗa, kuma yana da gaskiyarsa: tsokar ƙafa da hannu da ba ta taɓa aiki ba ba ta iya zuƙar iska daga jini yadda ya kamata, ko da zuciyar ƙalau take. Na uku, ƙirjin da aka taɓa buɗewa wani lokaci ba ya buɗuwa sosai wajen jan numfashi. Na huɗu, wanda a nan ƙasar ba a mantawa da shi, ƙarancin jini. Mutumin fadama da sauro, ka sani.

Wanne ne naka? Wataƙila biyu ko uku a tare. Ba a rabewa sai da gwaji.

Kawu Direba:
Kun ji ko? Likita ya ce ina da gaskiya.

Maman Walida:
Kashi ɗaya cikin huɗu ya ba ka Kawu, kada ka cinye tukunyar.

Likita:
Kawu, ku gafarce ni, zancen Kanu kuma daban ne. Nasa bawul ɗin babbar jijiya ne ta ɓangaren hagu, aka gano shi yana babba, bayan ya riga ya ci zinaren Olamfik a Atlanta, jikinsa ya gama ginuwa a fili. Kuma ko shi sai da ya koma aka sake yi masa aiki a 2014. Wato shi ma ba a sallame shi ba.

Malamin Kimiyya:
In misali ake nema mai ciwo iri ɗaya, akwai Ba'amurken nan Shaun White mai wasan zamiya a kan ƙanƙara. Da tetraloji aka haife shi, aka yi masa aiki sau biyu kafin ya cika shekara, ya kuma ci zinaren Olamfik sau uku, 2006 da 2010 da 2018.

Ɗan Jega:
Malam, a kawo shi Kamba cikin watan Afrilu a ɗora masa buhun shanshera mu gani.

Malamin Kimiyya:
Dariya dai, amma akwai abin lura. Wannan aiki duka bai tsufa ba. A 1944 ne a Baltimo ta Amurka aka fara yi wa irin waɗannan yara dabarar ƙara musu hanyar jini zuwa huhu, aikin likitoci Blalock da Taussig da wani baƙar fata mai suna Vivien Thomas wanda bai da takardar likita amma shi ya ƙware a ɗinkin. Cikakken gyara sai 1954 a Minesota. Mu nan Najeriya sai 1974 aka fara buɗe zuciya, a asibitin koyarwa na Inugu. Kenan manyan da aka gyara suna yara sabuwar al'umma ce a duniya. A ƙasashen masu hali yanzu fiye da tara cikin goma na waɗannan yara suna girma, har manyan sun fi yaran yawa, aka buɗe musu sashe nasu. Mu kuwa sashen yara ya ce ka girma, sashen manya ya saba da hawan jini da ciwon suga. Sai mutum ya faɗa tsakiya kamar Mai Tabo.

'Yar Zuru:
Ni fa ban gane wannan tsoratarwa ba. Ni ma an yi min aiki ina shekara huɗu, tabona a gefen haƙarƙari na hagu yake, ta baya. Yau 'ya'yana uku, biyu a gida na haife su, ina daka, ina ɗebo ruwa, ina hawa dutse in yi itace. Ban taɓa komawa asibiti a kan zuciya ba. Kada ku sa wa yaro ciwon da ba shi da shi.

Likita:
Yaya, tabon gefe a wannan shekaru, in na yi hasashe, jijiyar nan ce da ke haɗa manyan hanyoyin jini biyu tun jariri na ciki, wadda ya kamata ta rufe bayan haihuwa ta ƙi, aka ɗaure ta. In ita ce kuma aka yi da wuri, to ke kusan a ce an gama da ke. Haka masu ƙaramin huji da aka toshe da wuri, yawancinsu ba a bambance su da kowa. Amma ki duba takardarki, domin ta wannan gefen ake bi a gyara ƙuncin babbar jijiya ma, su kuma hawan jini kan biyo su daga baya, sai an riƙa aunawa.

Abin da nake so zaure ya riƙe shi ne "an yi masa aikin zuciya" ba suna ɗaya ba ne. Kamar a ce "ya yi hatsari" ne: wani ƙujewa, wani karaya. A can ƙarshe akwai waɗanda aka haifa da ɗaki ɗaya mai aiki, aka yi musu aikin da ake kira Fontan, jini na gangarawa huhu ba tare da famfo ba. Su ko sun yi kyau, abin da suke iya kaiwa wajen motsa jiki kusan kashi biyu cikin uku ne na tsaransu. Masu tetraloji suna tsakiya, kuma a cikinsu ma akwai mai buga ƙwallo, akwai wanda bene ɗaya ke tsayar da shi.

'Yar Zuru:
To na ji. Takarda kam sai dai in tambayi Baba, in ɓera ya bar ta.

Mai Agogo:
Ni nawa ba na haihuwa ba ne, ciwon maƙogwaro ne na yarinta ya ci min bawul, aka sa min na ƙarfe a asibitin Salam na Khartum. Dare in ya yi tsit maiɗakina tana jin ƙas-ƙas-ƙas, sunan ya samo asali ke nan. Abin da zan ce wa ƙanena: ni ma da na dawo an mai da ni ƙwai. Ko buta za a ɗauko min. Wata shida na yi ƙiba, na koma ko masallaci na je sai na huta. Da na koma dubawa likitan ya yi min faɗa, ya ce an gyara maka inji ka kulle shi a gareji? Na fara tafiya bayan asuba. Yau ina taka keke daga Birnin Kebbi zuwa Kalgo in dawo. Abin da aka hana ni dai duk wani abin da za a buge ni, saboda maganin tsinka jini da nake sha, wafarin. Dambe sai kallo.

Maman Walida:
Wallahi jikina ya yi sanyi. Walida shekararta takwas, na je makarantarsu da kaina na ce kada a sake a sa ta wasan guje-guje, ko shara kada ta yi. Rannan na leƙa ta taga na ga 'yan uwanta na 'yar gala-gala a tsakar gida, ita tana zaune kan turmi tana yi musu ƙirga. Ta juyo ta gan ni sai ta yi sauri ta ce Mama ban tashi ba. Abin ya tsaya min a rai, amma tsoro ya fi ƙarfina. Likita, in ta faɗi fa?

Likita:
Hajiya, ba ni zan ba ki izini ba, likitan da ke duba ta ne, kuma ki tambaye shi kai tsaye: me za ta yi, me ba za ta yi ba, ya rubuta miki ki kai makaranta. Amma abin da na sani, yawancin yaran da gyaransu ya yi kyau ana so su yi wasa, kuma yaro in ya gaji da kansa yake tsayawa, in dai ba babba ne ke tsaye kansa da bulala yana cewa sai ya ƙarasa zagaye ba. Wanda aka zaunar kan turmi shekara goma shi ne ke zuwa mana yana da shekara 27 ba mu san ko zuciya ce ko ƙafa ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Mai Tabo. Da a ce makon jiya na tambaye shi yaya jiki, zai ce lafiya lau. Kuma ba ƙarya ya yi ba. Wanda ya tashi da abu tun yana yaro, rayuwarsa ce ke tsukewa daidai ƙarfinsa, bai san an tsuke ba: yana tafiya a hankali, yana hawa babur inda wasu ke takawa, yana zaɓar aikin zaune. A wani bincike da aka wallafa a 2005, likitocin asibitin Royal Brompton na Landan sun auna ɗaruruwan manya irinsu a kan injin motsa jiki, sai ga shi har waɗanda ke cewa ba sa jin komai ƙarfinsu bai kai na tsaransu ba. Shi ya sa ba mu yarda da "lafiya lau". Aunawa muke yi.

Mai Tabo:
Likita kamar kana gidanmu. Ni ko jami'a ɗakin ƙasa na nema, na ce wa abokai ba na son hayaniyar sama ne. To aunawar yaya ake yi, kuma ina?

Likita:
Na farko eko, wato hoton zuciya na sauti, a ga yoyon bawul ɗin da girman ɗakin dama. Sai isiji, a ga tsarin bugu. Tunda ka ce yana tsallakewa, in da hali a maƙala maka ƙaramin na'urar da ke naɗar bugu kwana guda cur. Sai awon jini. Asalin gwajin ƙarfi shi ne a ɗora ka kan keke ko injin tafiya, a sa maka takunkumi mai auna iskar da kake zuƙa da wadda kake fitarwa, ana ƙara nauyi har ka ce ka gaji. Shi ke nuna ko zuciya ce ta fara gazawa, ko huhu, ko tsoka. Ba ko'ina ake samunsa ba. Wanda ake iya yi ko'ina shi ne tafiyar minti shida: a auna baranda mita 30, ka yi ta kai da kawo, a ƙirga nisan, da 'yar na'urar nan a yatsa tana nuna iska da bugu.

Ka fara da babban asibitin koyarwa na nan Birnin Kebbi ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ka ce likitan zuciya kake nema, ka tafi da takardun nan har da inda gara ta ci. Ka ɗauke su hoto a waya yau ɗin nan.

Kafin sannan: kada ka ɗauki abin da sai ka riƙe numfashi ka yi nishi, irin inji, buhu, tura motar da ta kafe. Kada ka shiga gulbi kai kaɗai. Tafiya a ƙasa shimfiɗaɗɗiya da sanyin safiya ba laifi, a matakin da za ka iya hira amma ba za ka iya jan ƙira'a ba. In ka ji ciwon ƙirji, ko jiri, ko bugu ya harɗe ya ƙi daidaita, ka tsaya. In ka suma, ko sau ɗaya ne, ranar za ka asibiti, ba gobe ba.

Kawu Direba:
To ni abin da ban gane ba, tahiya da ɗaukar inji ba duk wahala ce ba?

Nas Mai Dare:
Ba ɗaya ba ne Kawu. Tafiya da keke jini ke gudu, hanyoyi na buɗewa, zuciya na samun horo a hankali. Ɗaga nauyi da nishi kuwa matsi ne ke tashi farat ɗaya. Kamar lodin da ya wuce kima a kan tudu ne da tafiyar doguwar hanya a giya ta huɗu.

Kawu Direba:
Yanzu kin yi Hausa.

Malam Na Gwandu:
Allah ya saka wa Likita. Ina da tambaya, domin ana yawan kawo mana ita. Mai irin wannan lalura, azumi fa? Musamman in ya faɗo cikin bazara, ga shi yana fadama.

Likita:
Allah gafarta Malam, ya danganta. Da yawa masu gyara mai kyau suna azuminsu lafiya. Waɗanda nake jin tsoro su ne masu aikin Fontan, da waɗanda har yanzu leɓensu da farcensu ke baƙi, da masu shan maganin fitsari, domin bushewar jiki na kaurara musu jini. Zafin Kabi a Maris da Afrilu yana haura 40. Azumi da aikin rana a wannan zafi ko mai lafiya ya san ya yi. Kowa dai ya tambayi mai duba shi kafin wata ya kama. Haka mai niyyar Hajji: Safa da Marwa kaɗai ya haura kilomita uku, ban da ɗawafi da jifa. A fara horon tafiya tun watanni kafin tashi.

Malam Na Gwandu:
Madalla. Ta ɓangarenmu kuwa sauƙi na nan a cikin Baƙara, mara lafiya ya sha ya rama, wanda ba a sa ran zai iya ya ciyar. Abin da ke ba mu wahala samari ne, kunya ke sa su ƙi sha. Kuma ina ƙara wa Mai Tabo: kada ka je wa mahaifiyarka da "Likita ya ce kin yi kuskure". Ita ta yi jinyar da ba ka tuna ba. Ka tafi da ita asibitin, ta ji da kunnenta.

'Yar Zuru:
Tunda an zo nan, mata fa? Ƙanwar mijina an ce tana da huji ba a yi aiki ba, ga shi an sa ranarta.

Likita:
Yaya, wannan kada a jira. Ciki shi ne gwajin ƙarfi mafi tsawo da zuciyar mace ke yi, jini na ƙaruwa kusan da rabi, wata tara ba hutu. Da yawa suna ɗauka lafiya. Amma huji babba da aka bari shekaru kan ɗaga matsin jinin huhu, in ya kai wani mataki ciki na iya kashe ta. A yi mata eko kafin biki, ba bayan ta fara laulayi ba.

Ɗan Jega:
Likita ka manta ba ka hana shi ƙaho ba. Mutanen Argungu da wanzami sai Allah.

Likita:
Ka tuna min. Ƙaho, tsaga, cire haƙori a kasuwa, duk hanyar ƙwayar cuta ce zuwa jini, ita kuma tana son zama kan faci da bawul mai rauni. Ya riƙa wanke baki da kyau, zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya kuma kada a yi ta sake allura a kemis.

Mai Tabo:
Jama'a salamu alaikum, mako uku ke nan, na dawo da labari. Mun je Sakkwato ni da Inna da Auta. Eko ya nuna facin na nan daram. Bawul ɗin kuwa yana yoyo kamar yadda Likita ya zata, ɗakin dama ya ɗan buɗe, amma an ce bai kai a taɓa shi yanzu ba. Wataƙila nan gaba a sake bawul, za a riƙa dubawa duk shekara. Na kwana da na'urar bugu a ƙirji, an ga 'yan tsalle-tsallen, an ce ba masu haɗari ba ne. Jinina ya yi ƙasa, an ba ni magani. Tafiyar minti shida na yi mita 430. Don neman magana Auta ya ce shi ma a auna shi, ya yi 610 yana taunar rake.

Likitan ta ce rabin matsalata a ƙafa take. Ta ce in fara minti goma sha biyar kullum, in riƙa ƙara biyar duk mako har in kai rabin awa, kwana biyar a mako. Fadama in je, in yi ban ruwa, in yi cira, in ja tiyo, amma inji da buhu a bar wa Auta har a sake gani na bayan wata shida.

Inna ba ta ce uffan ba a ofishin. Sai da munka fito ta ce wa likitan a bakin ƙofa, "Ɗiyata, in ya faɗi ke za ni nema." Likitan ta ce ta yarda.

Kawu Direba:
Alhamdu lillahi. Rabi nawa ke nan, Hajiya, ba kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Maman Walida:
Na ba ka Kawu. Mu ma ranar Talata za mu koma, na rubuta tambayoyina a takarda don kada in rikice. Mai Tabo, Inna ta bar ka kana fita kuwa?

Mai Tabo:
Tana bari, da sharaɗi. Bayan asuba nake bin hanyar bakin gulbi, Auta na biye da ni a kan babur a giya ta ɗaya, da gorar ruwa da ta ɗaura masa a baya. Jiya na kai minti ashirin da biyar. Auta ya ce man da yake ƙonawa a bayana ni zan biya.

Mai Agogo:
Ka sa shi ya sauko ya tura babur ɗin, shi ma ya samu ladan.

'Yar Zuru:
An samu takardata, ɓera ya bar rabi. Likita zan turo maka hoton ta gefe ka karanta min, rubutun kamar tafiyar kaza.